Kaset Tara a Kwalin Takalmi

Jiya muna kwashe kayan ɗakin Baba a Gyallesu,
ƙarƙashin gado, bayan tsohuwar fitilar ƙwai,
na ci karo da kwalin takalmi ɗaure da tsumma.
Kaset tara. Nawa ne.
Ashe bai ƙona su ba.

Ina ɗan shekara sha shida
Ishaya ɗan Wusasa ya kawo na farko,
wai wani malamin jami'a a Samaru ya dawo da shi daga ƙasar sanyi.
A bangon, ƙarti huɗu, gashi har kafaɗa,
sun murtuke kamar an cinye musu bashi.

Muka danna rikodar Lirwanu a bayan rumfar mai faci a Kwangila.
Jita ta yi gurnani kamar injin niƙa ya haɗiyi ƙusa,
ganga ta zubo kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi,
mawaƙin ya kurma ihun wanda ya taka garwashi.
Mai faci ya ce, ku kashe, rediyonku ta lalace.
Ba mu kashe ba.
Wani abu ne a ƙirjinmu da bai da suna,
sai ga shi an yi masa ganga.

Ba ma jin ko kalma biyar a ciki.
Mu muka zuba masa ma'ana:
wannan ta yaƙi ce, wannan ta fursunan da ya tsinke sarƙa,
wannan kuma da malamin lissafi take.
Tsintsiya ce jitar Ishaya, jarka ce gangar Lirwanu,
ni kuwa kaɗa kai kawai na iya, har hula ta faɗi a kwata.

Batir in ya mutu mu shanya shi a rana, mu cije shi,
ya ƙara mana waƙa ɗaya da rabi.
Zare in ya harɗe, biro ne likita.
In ya tsinke, jan farcen yayar Lirwanu.

Baba ya ce, wannan ai maƙera ne ke dambe.
Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito ya tattara su duka,
ya ce sun zama toka.
Wata biyu ina gaishe shi da baki kawai.

Yanzu Lirwanu na sayar da taki a Sabon Gari, yana jan sallar unguwa.
Ishaya, lambar da nake da ita ta daina shiga.
Ni da tabarau, da ƙwayar hawan jini a aljihu.
Rumasa'u, 'yata, ta lalubo mini kalmomin a waya:
waƙar yaƙin nan, ashe mota ce ta mace wa mutum a hanya,
budurwa kuma ta ƙi jira.
Na ce mata bari haka nan, kada ki karanta ta biyu.

Da magariba na aro rikoda wurin mai gyara a Tudun Wada.
Kaset na uku, gefe na biyu.
Sautin ya dusashe, kamar ana kiɗan a ƙasan rijiya,
amma ƙafata ta tuna, ta fara buga ƙasa ba da izinina ba.
Jita na hawa, tana hawa,
daidai inda muke riƙe numfashi

sai ƙas.

Shiru. Kukan kaza. Wani ya yi gyaran murya.

"Wannan jan ne ake dannawa?
Hajiya, zo ki ji abin da yaron nan ke ji."
Dariyar Inna daga nesa, da ƙarar muciya.
"Hauka dai hauka ne.
Amma fa mai gangar nan, ya iya."

Ƙas.

Jita ta dawo daga inda ba ta tsaya ba.

Shekara talatin da huɗu da suka wuce, da na yi kuka an ɓata mini waƙa.
Daren jiya na zare kaset ɗin, na nemi biro,
na juya baya a hankali, kada zaren ya ji ciwo,
na sake dannawa.