Ruwan da Ya Zube Daren Juma'a

Da rana ƙwayar magani nake ƙirgawa
ta bayan 'yar taga, layi har bakin ƙofa:
biyu da safe, biyu da dare,
Inna, sai kin ci abinci tukuna.
Yatsuna sun saba da ƙananan abubuwa,
shi ya sa in na koma gida Herwagana
ba na iya zaman banza, sai na jawo tsakiya.

Farantin tangaran mai tsaguwa a baki,
zaren fatsa, allura siririya,
fitilar caji bisa buhun shinkafa.
Anas ya yi barci da takalmi ƙafa guda.
Ja uku, fari ɗaya, ja uku.
In na ɓata lissafi a ta arba'in,
ba gardama, sai in warware, in koma baya.

Mu bakwai ne. Asabar ɗin ƙarshen wata
a barandar Adda Dudu, can Jekadafari,
kowa ta rubuta abin da ranta ya raya,
a nannaɗe, a jefa a ƙwarya.
An taɓa yin ɓawon kankana, Rifkatu ta cinye.
An yi bakin zanen kaka, na zo ta biyar.
Ba kuɗi ake ci ba, sabulu ne sanda uku,
da guɗa, da wata guda kina taƙama
kamar wadda ta gaji saniya.

Wannan karon takardar Zuwaira ta fito:
ruwan Dadin Kowa da sassafe,
kuma ba mai shiga kasuwa,
da ragowar gwangwani kowa za ta shirya.

Sau ɗaya na ga ruwan nan da asuba,
ina 'yar shekara tara, a bayan babur ɗin Baba.
Ba shuɗi ba ne, masu zane ƙarya suke.
Toka-toka ne, da kore a ƙarƙashi,
da wani ƙyalli kamar gadon bayan karfasa.
Mako uku ina tsince launin nan
daga gindin gwangwanin madara,
har idona ya fara yi mini gardama da safiya.

Daren Juma'a, saura ƙulli na ƙarshe,
na sa haƙori na ja.
Tas!
Kin san yayyafin farko bisa kwano?
Haka suka watsu a siminti,
ƙarƙashin firji, cikin takalmin Baban Anas,
wasu suka bi rariya ba sallama.
Na zauna daɓas. Ban yi kuka ba.
Na dai jima kafin na nemi tsintsiya.

Abin da shara ta kawo:
tsakiyata, rabi da 'yan kai,
shinkafa, maɓallin farar rigar aikina,
da ɗan kunnen Umma, wari guda,
wanda na shekara biyu ina nema
tun ranar da aka raba kayanta.
Na hure masa ƙura. Na sake zura zare.
Ban ƙirga ba. Wallahi ban ƙirga ba.
Duk wadda ta hau allura ta wuce,
maɓallin ma ya shiga,
ɗan kunnen ya zauna a tsakiya.

Adda Dudu ta gyara zaman tabarau,
ta ɗaga sarƙar sama, ta juya:
"Wannan ai ruwa ne bayan ambaliya,
har da kayan mutane a ciki!"
Zoɓo ya sarƙe Zuwaira don dariya.
Sa'adatu ta tafi da sabulu, ta cancanta,
nata sumul, kamar ba hannu ya yi ba.
Rifkatu ce kawai ta taɓa ɗan kunnen,
ta dube ni, ba ta yi tambaya ba,
ta ɗaura mini a wuya.

Yau kwana tara. Har yanzu ba su ƙare ba.
Jiya na tsinci ɗaya a aljihu, wajen aiki,
na kusa ƙirga ta cikin maganin wani tsoho.
Ɗazu Anas ya fito daga ƙarƙashin gado,
gwiwa duk ƙura, hannu a dunƙule,
ya buɗe a hankali kada ta gudu:
"Mama, ga ruwanki, ɗigo ɗaya."