Koren da Ba na Miya Ba

Shekara goma sha tara ina ban ruwa a Lamorde,
ƙasan gada, inda Kwara ke lanƙwasa.
Na san mai sayen alayyafo don miya,
na san mai sayen zogale don kwaɗo,
na san mai taya salati har ya ɓata mini rai.
Barira kaɗai ce cinikinta ya shige mini duhu:
ba ta tayi, ba ta neman gyara,
ɗaga ganye take wajen rana, tana dubawa.

Ran wata Talata haƙurina ya ƙare.
Na ce, "Ɗiyata, wace irin miya ce
ba ta son albasa, ba ta son tattasai?"
Ta yi dariya har jaka ta zame daga kafaɗarta.
"Baba Kadade, daka shi nake, in tace, in zubar da dusar.
Gobe ka wanke ƙafa, ka biyo ni jami'a,
gani ya kori ji, ya kori tambayawa."

Ɗakin ya fi gindin randa sanyi.
Turminta na tangaran, bai cika tafin hannu ba.
Abin da ta tsiyaye a kwalba
ya fi duk gonata kore.
Kulorofil, in ji ta. Na faɗa sau uku, harshe ya harɗe,
na ce mu a Adar kore muke ce masa, mu wuce.
Ta ce, "Shi ne bakin da ganye ke cin rana da shi."
Na nemi kujera, don maganar ta fi ƙarfin tsayuwa.

Sai ga ɓallin gilashi, an shafe shi da farin gari.
"Tsaga silin gemunka gida dubu," in ji ta,
"kashi guda ma ya fi ƙwayar garin nan kauri.
Nano ke nan."
Na shafa gemu. Ban taɓa jin sa da nauyi haka ba.
Ta tsoma gilashin a kore kamar mai rini a bakin karofi,
ta haɗa shi da ɗan'uwansa, ta maƙala waya biyu,
ta buɗe taga.
Hasken hantsi ya faɗo masa,
allurar awo ta yi ɗan motsi,
irin na jariri a barci, ta koma tana rawa.

Na ce, "Ke nan mun rabu da ɗaukewar kuran?"
Ta girgiza kai. "Ko tocila ba zai kunna ba tukuna.
Kwana uku yake yi ya koɗe.
Ranar da yake ci, ita ke cinye shi."
Wannan kam ba sai an kai ni lakkwal ba.
Wanda aka raba da saiwarsa,
ko a inuwa ka aje shi yana yaushi.
Ni ma da na bar Tawa na yi shekara ina koɗewa.

Na ce ta gwada na ƙarƙashin mangwaro,
korensa ya fi duhu,
a tsinke shi kafin kiran assalatu, da raɓarsa.
Ta ɗauko biro ta rubuta. Maganata! A littafin jami'a!
Na dawo a ƙafa, na manta kuɗin taksi na aljihu,
ban ji zafin kwalta ba, ban ji nisan tafiyar ba kuwa.

Daren jiya Yamai ta yi duhu tun magariba,
sai kukan injina daga ƙetaren kogi.
Na zauna tsakanin fangalai ina tunani:
ashe ni ruwa kawai nake kawowa,
su ke shimfiɗa tafukansu tun safe,
suna karɓar abin da ban taɓa ɗebowa a guga ba.

Har yanzu dala ashirin nake sayar mata ɗauri.
Duk Talata nakan ce, "Allura fa?"
Takan ce, "Kaɗan, Baba. Ta ɗara ta wancan mako."
In ɗaure mata ganyen, in yayyafa masa ruwa,
in bi ta da ido har ta hau gada, tana wucewa.