Jan Biro a Shafi na Huɗu

Sau uku ina wuce bankin,
ruwan Aberdeen yana tsiyaya ta wuyan rigata,
kafin na tura ƙofar.

Madam Dalgarno tana nan inda na bar ta,
tabarau a kan hanci,
da furen nan da ya ƙi mutuwa a bakin taga.
Ita ta ba mu bashin gida shekara bakwai baya,
lokacin da bankuna biyu suka dubi albashin
mai gyaran injin jirgin ruwa
suka ce mu dawo baɗi.
Ita ta kira da kanta da aka rage mu a aiki:
"Wata uku, Fergus, kar ka biya komai. Ka numfasa."

To da wane baki zan fara?

Elspeth ta yi lissafin a bayan ambulan:
fam ɗari da arba'in duk wata.
Takalman yara ke nan, da rufin da ke yoyo
daidai kan gadon Rory.
Ta ce sabo turken wawa ne,
kunya kuma ba ta biyan kuɗin ruwa.

Na ajiye takardar ɗaya bankin a gabanta,
ban rufe sunansu ba, ban ƙara ko sisi ba.
"Na fi so ki ji daga bakina
kafin wasiƙar lauya ta iso."

Ta karanta har ƙananan rubutun ƙasa,
yatsa yana bin layi.
Ta danna na'ura. Ta girgiza kai.
"Ba zan iya sauka har nan ba. Na so a ce zan iya."
Sai ta ɗauki jan biro
ta zagaye wani wuri a shafi na huɗu.
"Wannan tarar, su cire ta kafin ka sa hannu.
Kuma ka jira ƙarshen Maris, wa'adinmu ya cika,
kar mu ma mu yanke ka."

Shayin da ta zuba mini ya huce.
Haka na shanye shi.

A bakin ƙofa ta tambayi haƙoran Rory,
na tambayi gwiwarta.
Ta miƙo sabon kati, alhali ina da tsohon.
"Shekara biyar ba nisa," in ji ta.

Na ja ƙofar a hankali har ta rufu ba ƙara.
Ƙanen Elspeth yana neman gida a Torry.
Na riga na san lambar da zan ba shi.