Faifai Shida a Dadin Kowa

Ƙarfe goman dare, Dadin Kowa ta yi tsit,
sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ba sallama.
Ni da akwatin ƙarfe, da shayin da ya huce,
da faifai shida, ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Biyu sababbi ne, sirara kamar biskit,
ba sa juyi, ba sa tari, kafin ka kira sun amsa.
Cikinsu kaɗan. Kuɗinsu kuwa
sai da Alhaji Tasi'u ya tuɓe hula ya share goshi.
Huɗun tsofaffi ne, a Taminus na tsinto su,
masu ƙugi, masu faɗin ciki,
ɗaya da sunan wani Dalyop a bayansa da jan biro.

Alhaji ya ce: ina son gudu, ina son aminci,
kuma kada ka sake tambayata ko sisi.
Na ce to.

Kwamfutoci uku ke zaune cikin akwatin nan,
ba su da jiki, ba su da allo,
haya suke kamar 'yan ɗaki ɗaya:
mai lissafin albashi, mai rajistar kaya,
da mai ɗaukar saƙo, wadda ba ta barci.

Na so in zuba shidan a tukunya ɗaya.
Sai na tuna: in ka ɗaure doki da jaki a amalanke guda,
tafiyar jaki za a yi.
Mai tera huɗu in ya zauna da mai biyu
dole ya rage tsawo.

Don haka sababbin na yi musu tagwaitaka,
abin da wannan ya ji, wancan ya rubuta,
na ɗora musu 'yan hayan.
Tsofaffin na sa su adashi:
kowa ya riƙe wa ɗan'uwansa kaso,
in ɗaya ya faɗi, ukun su tashe shi da lissafi.
Kullum ƙarfe biyun dare
su kwafe aikin yini, a hankali, suna gunaguni.

Wata uku ina jiran ranar da na Dalyop zai mutu.
Ina kasa kunne kamar mai jinya.
Bai mutu ba.

Ranar Talata ce, ana jibi albashi,
Madam Kangyang ta hau bene ba takalmi a ƙafa ɗaya:
yatsanta ya zame, sunaye tamanin sun tafi.
Na duba tagwaye na,
masu gudu, masu tsada, masu biyayya:
na farko ya goge, na biyu ya ce amin.
Madubi ba ya gardama da fuska.

Na gangara wurin tsofaffin.
Suka yi miƙa, suka yi kaki,
minti arba'in ana jin haƙoransu,
sannan suka ajiye mana daren jiya cif,
ban da suna biyu da ta ƙara da safe.
Ta tuna su. Ta zauna a kan kwalin takarda
tana dariya, tana share ido.

Kakata a Gindiri ba ta taɓa ajiye irin acca
a rumbun da take ci ba.
Sai yau na gane.

Alhaji ya leƙo: an gyara?
Na ce a sayo faifai na bakwai, mu kai Bukuru.
Ya taɓa hularsa.