Wuyan Caja

Ƙarfe biyun dare a Aboabo,
'yar fitilar gefen kwamfuta
ta yi ƙifce sau uku, ta mutu.
Saura kashi bakwai cikin ɗari,
babi na huɗu ko rabi bai kai ba.

Na sauya soket. Na hura ramin.
Na lanƙwasa wayar, na danne da kwalbar shito,
ta kama.
Ina sauke numfashi ta saki.

Da safe, a rumfarsa ta Adum,
Mutawakilu ko fuskata bai duba ba.
Ya sunsuni cajar, ya girgiza ta a kunne,
ya ɗora mata allurai biyun mitarsa.
"Batir lafiya, kwamfuta lafiya.
Nan ne, a wuya, ta karye daga ciki.
Wa ke naɗe ta tamau haka?"

Na yi shiru.
Yaya Inusa ne. Haka yake naɗe komai,
igiyar shanya, darduma, har maganarsa.
Shekara biyu da aka kai shi Tafo,
ni kuwa kullum sawun naɗinsa nake bi,
zagaye bisa zagaye.

"Sabuwa sidi ɗari da hamsin.
Karanta lambar baya, sha tara da rabi,
kada gobe wani ya cusa miki wata."
Na biya. Fitila ta kawo, kore shar.
Ya ɗaga tsohuwar zai jefa a kwali,
na ce bari, miƙo.

A cikin mota na naɗe ta a cinya,
sako-sako wannan karon.