Masarar da Ba ta Masar Ba

Albashin farko ya shiga hannun Barira,
ta ce, Baba, yau ba tuwo,
ɗauki hularka.

Muka bi ta bayan tasha, Tawa tana sauke zafin yini,
ƴan kabu-kabu suna ƙirga dala a gindin fitila.
Rumfar kwano ce, tebur huɗu,
ɗaya an tokare ƙafarsa da murfin kwalba.
A bango ga wata malafa mai faɗin faifai uku.
Na ce, wane makiyayi ya manta wannan?
Ta ce, ta Meziko ce, sassauta murya, ana jin ka.

Mai wurin Arzika ne, ɗan Nomau mai gyaran rediyo.
Na koya masa lissafi a aji biyar, bai koyu ba.
Shekara goma sha ɗaya ya yi a Amirka
yana wanke tukwanen waɗansu mutane,
ya dawo da rabin harshensu da dukan girkinsu.
Ya durƙusa ya ce, Mushe.
Na ce, tashi, mai tukunya ba ya durƙusa wa mayunwaci.

Ya kawo abin. Tako, in ji shi.
Na ce, wa aka taka?
Waina ce da aka hana ta kumbura,
aka ninke ta kamar wasiƙa.
Ciki naman akuya, wake da aka murje,
albasar Galmi, tumatir, cukun Abalak a marmashe,
a gefe yankin lemun tsami kamar jinjirin wata.

Na nemi cokali. Babu.
Na gatsa ta gaba, ta zube ta baya,
romo ya sauka a rigata ta Juma'a
ya zana taswirar ƙasar da ban taɓa koyarwa ba.
Barira ta rufe baki da gyale, kafaɗunta na rawa.
Sai tonka ya iso, ba sallama, kamar sufeton makaranta,
ya shaƙe ni a maƙogwaro,
ni da na ci yajin Madawa ban yi tari ba.

Arzika ya miƙo ruwa, ya ce,
Mushe, ka san masara daga can ta taso?
Ita da tonka da tumatir.
Na ce, yaro, masara ta Masar ce, sunanta ya faɗa.
Ya ce, suna linzami ne, amma ba shi ya haifi dokin ba.
Barira ta latsa waya ta juyo mini.
Na karanta sau biyu, na goge tabarau, na ƙara.
Shekara talatin da alli a hannu,
yau wanda ya faɗi lissafi ya ba ni gyara.
Na ce, to wannan waken fa?
Ya ce, namu ne, daga kasuwar Lahadi.
Na ce, madalla, ƙaro biyu.

Wuta ta ɗauke.
Muka ci sauran a hasken waya,
ƙwari suna kewaya mu, wani direban tirela yana tsotsar yatsa.

Jikka uku da rabi.
Na kai hannu aljihu, ta dafe shi
da hannun nan da na riƙe ranar da na kai ta lakwal
tana kuka, takalmi ɗaya a ƙafa.
Ban yi gardama ba.
Hawayen kuwa na tonka ne, kowa ya shaida.

Muka ƙunsa ɗaya muka kai wa uwarta.
Tsahara ta buɗe, ta shinshina,
ta ce, don wannan kuka tsallake gari?
Sai ta cinye shi a tsaye a bakin murhu,
ta suɗe takardar,
ba ta ga tabon rigata ba sai da safe.