Maƙwabtanmu na Manila

A gidanmu na Gwammaja, layin masu gyaran fanka,
akwai wani gida a cikin gida.
Ranar Asabar bayan Isha yake buɗe ƙofa,
in an bar mana wuta.
In an ɗauke, Sagiru ya ja igiyar janareta
har kafaɗarsa ta yi tsami.

Mutanen Filifin ne: uba, uwa, 'ya'ya huɗu,
da kaka mai ɓoye kuɗi a gwangwanin madara.
Goggo Tasalla ba ta jin yarensu,
ba ta karanta Turancin da ke gudu a gindin allo,
sai ta raɗa musu suna, ba rago, ba wanzami:
uban Mai Tumbi, uwar Sarkin Mita,
autan da haƙoransa suka zube, Wawulo.

Ni ce tafinta.
In rubutun ya tsere mini, sai in ƙirƙiro.
Na sa Mai Tumbi ya ci bashin atamfa a Kwari,
Goggo ta tafa hannu ta ce,
"Tun ranar farko na gani a idonsa."

Akwai wasu masu dariya da ba a nuna su.
Ta ce maƙwabta ne a bayan katanga,
ko'ina ka je, kunnen mutane a gidan wani yake.
Tana tausaya musu cin shinkafa safe da dare,
gari guda ba mai tuƙa tuwo.

Wani dare a tsakiyar damina rufinsu ya yi yoyo,
suka jera bokitai, suna tsalle tsakaninsu.
Namu kwanon ma yana ɗiga cikin robar wanki.
Ta dubi nasu, ta dubi namu,
ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Shekara goma sha ɗaya.
Wawulo ya yi haƙora, ya yi gashin baki,
Sagiru ma haka, har ya sayi adaidaita sahu.
Ranar da babbar 'yarsu ta ɗaure akwati
za ta aikin jinya ƙasar da ba ta san kowa ba,
masu dariyar sun yi abinsu,
Goggo kuwa ta ja gefen mayafi ta ce hayaƙin janareta ne.
Lokacin Baba ya yi wata tara a Fatakwal,
muryarsa kawai ke zuwa, ita ma a yayyanke.

Cikin Sha'aban, ranar Alhamis, aka kai ta.
Muka yi zaman makoki, aka watse,
aka mayar wa mutane kujerunsu da butocinsu.

Asabar ta uku na kunna.
Suna nan yadda muka bar su,
ba wanda ya kai musu labarin rasuwa.
Mai Tumbi ya ɓuya a bayan ƙofa,
mai bin bashi na ƙwanƙwasawa,
Sarkin Mita ta riƙe ƙugu.
Na buɗe baki, na juya hagu.
Tabarma a naɗe, jingine da bango,
carbinta a rataye kan ƙusa.

Maƙwabtan bayan katanga suka fashe da dariya.
Na jira suka gama,
sannan na ce, a hankali,
"Goggo, wai gobe zai biya."